Warin Rijiyar Gangare

Ranar Talata da hantsi aka tarar da awaki uku a mace a bakin rijiyar Gangare, bakinsu duk kumfa. Zuwa azahar mutum goma sha ɗaya da suka sha kokon Safara'u suna kwance suna kwara amai. La'asar ba ta yi ba 'yarta Khairiyya, yarinya 'yar shekara huɗu, ta cika a hanyar asibiti. Ni Ashatu dillaliya ni na rufa mata mayafina a cikin tasi, don haka kada wani ya ce labarin ji nake ba ku.

Shekarar 1985 ce, farkon damina, lokacin da aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara nasa ya bar ƙasar. Mu kuwa mutanen Sabon Ibadan na san halinmu, in abu ya faru ba ma tambayar yadda aka yi, wa ya yi kawai muke nema. Nan da nan aka samu: Maliki ɗan garuwa, wani dogon mutum mai jan ƙafar hagu, wanda ya gudo daga yaƙin Chadi shekara biyu da suka wuce. Hujjar mutane ɗaya ce. Kwana biyu kafin abin ya faru Maliki ya daina ɗiban ruwa a rijiyar, sai ya riƙa tafiya har famfon unguwar Mokola da garwaninsa.

"Ya san abin da ya zuba mana!" in ji masu ihu.

Sun fasa masa baki kafin mai unguwa ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiya da ke jikin zaurensa. Alhaji Shu'aibu, babban ɗan kasuwar goro na unguwar, ya dage a kira 'yan sanda a take. Mai unguwa ya ce a'a, a ba shi zuwa saukowa daga Juma'a. In ba a sami wani mai laifin ba, zai miƙa Maliki da hannunsa. Kowa ya san ma'anar miƙawar: ko igiya, ko motar da za ta mayar da shi cikin yaƙin da ya tsere wa.

Sai ya aika aka kira Kofur Iliyasu.

Kofur tsohon maharbi ne daga Birnin Gwari. A yaƙin basasa shi ke bin sawu a gaban sojoji, bayan yaƙi ya koma bin sawun shanun sata ga fatake a kasuwar shanu ta Akinyele. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya tana rawa. Washegari da safe na ji sallamarsa a ƙofar gidana.

"Ashatu, aiki na zo ba ki."

"Ni? Kofur, na yi maka kama da karen farauta?"

"Gidajen unguwar nan ba a shiga. Ni iyakacina ƙofa. Ke kuwa babu ɗakin da ba ki san ƙarƙashin gadonsa ba."

Na ce masa wannan zagi ne, amma na ɗauko mayafina.

* * *

A bakin rijiya ƙafar mutane ta tattake komai. Kofur ya zagaya sau uku, ya shinshina gugan, ya yi tsaki, sannan ya tsuguna a gefen da inuwar wani rumbun kwano ta hana rana da ƙafa isa.

"Zo ki gani. Takalmin taya, diddigen hagu yana ja. Na Maliki ne, na ranar Lahadi."

"To ga shi nan. Ya zo."

"Ya zo. Amma dubi zurfinsa. Mai zuwa ya zuba abu da nauyi yake zuwa, ya koma sakayau. Wannan sakayau ya zo, ya tsaya a nan ya leƙa, ya juya sakayau. Kuma komawar da sauri ya yi ta, dubi nisan takun."

"Ko a aljihu ya zo da ita?"

"Abin da zai lalata rijiya mai gaba takwas ba ya shiga aljihu."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, idonsa yana yawo a kan gidaje. Ban taɓa ganin mutum mai rashin natsuwa irin wannan ba, wallahi har ni sai da ya sa ƙafata ta fara rawa.

* * *

Wasu sun ce a duba Baba Rasaki, Bayaraben bakaniken da garejinsa ke kan iyakarmu da Mokola. Kowa ya san yana tuttular da baƙin mai a kwata. Muka same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Haba Oga Soja! Ejo, don Allah, ni? Ni da nake alwala da ruwan rijiyar nan shekara goma? In na sa mata guba, da me zan yi salla, abi?"

Kofur ya laluba aljihu. Ya ciro tsinken ashana ya jefa a kwatar, muka tsaya mu uku muna kallonsa. Tsinken ya yi ɗan juyi, ya nufi shataletalen Mokola, ya ba Gangare baya.

"Ba naka ba ne," in ji Kofur. "Amma kai ma ka ji tsoron Allah. Kwatar nan ko sauro ba ya iya haihuwa a cikinta."

Baba Rasaki ya yi ta godiya kamar yabonsa aka yi. Mu kuwa mun ɓata rabin yini a banza.

* * *

Sai wata magana ta taso daga wajen mata, wai Safara'u tana dafa sabulu a gida, ƙila sodar ce ta faɗa mata a tukunyar koko, take neman wanda za ta ɗora wa. Kai, bakin mutane! Mace tana zaman makokin 'yarta ana yi mata wannan. Kofur ya tsaya a waje, ni na shiga.

Na same ta a kan tabarma, idanu sun bushe. Ban ɓoye mata abin da ake faɗa ba. Ta nuna mini gwangwanin sodar can saman katanga, murfinsa ya yi tsatsa, gizo-gizo ya ɗaure shi da bango. Ta ce tun kafin azumin bara ba ta taɓa shi ba.

Har na tashi zan fita ta riƙo gefen zanena.

"Yaya Ashatu, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar Lahadi Maliki ya tsaya a ƙofar nan ya ce, 'Yaya, ruwa ba kyau, kar a sha.' Na ɗauka wayo yake yi don ya tsadada ruwa. Na zage shi, har da cewa ya koma garinsu. Na sa wani ɗan garuwan ya ɗebo mini." Ta saki zanen. "Da hannuna na ba ta kokon, Yaya. Har ƙari ta nema."

Na fito ina share ido, na faɗa wa Kofur komai.

* * *

Mai unguwa ya buɗe mana ɗakin ajiyar. Maliki yana zaune a kan buhun gawayi, leɓensa a kumbure. Hausarsa guntu-guntu ce, amma mun gane.

"Me ya sa ka bar rijiyar?" in ji Kofur.

"Wari."

"Kowa ya ɗebi ruwan ranar Lahadi bai ji wari ba."

"Kaɗan ne. Tafarnuwa da kananzir. Ni na sani shi. Hancina ya sani shi."

Ya ce ƙauyensu yana bakin tafki. Sojoji suka kafa sansani a bayan gari, da motoci da tulin durom na ƙarfe. Da yaƙi ya juya suka gudu suka bar komai a rana. Durom suka yi tsatsa suka fara yoyo. Da farko kifi ya taso sama, fari fat, har mutane suna murna suna kwasa. Sai shanu. Sai rijiya. Matarsa da 'ya'yansa biyu a mako ɗaya ya binne su. Ya ce ba harsashi ne ya kore shi daga gida ba, har yau ko harbi ɗaya ba a yi a ƙauyen ba.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa gida uku. An yi dariya." Ya sunkuyar da kai. "Hukuma ba zan iya ba. Ba takarda."

Da muka fito Kofur ya tsaya a tsakiyar hanya yana sosa ƙeya.

"Warin da ke bakin tafkin Chadi, me ya kawo shi Ibadan? Ƙafa gare shi?"

Na ce ban sani ba. Allah ya gani, a lokacin ban sani ba.

* * *

Ranar Alhamis aka kwashe yini ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk wani sawu da ya rage a unguwar ya tafi. Kofur ya yini a rumfar mai shayi yana kai da kawo, ya leƙa sama ya yi tsaki, ya dawo, ya sake leƙawa. Matasa suka fara taruwa a ƙofar mai unguwa da sanduna a ƙarƙashin lema, wai kada a saci hanya a sallami ɗan Chadi. Ni kaina na kasa cin abinci. Gobe Juma'a, kuma ba mu da komai a hannu sai tsinken ashana da gwangwanin soda.

Da safe rana ta fito. Ina shanya na ji Kofur yana buga ƙofa kamar zai ɓalla ta.

"Fito! Fito ki ga abin da ruwa ya kawo mini!"

Ya ja ni har bayan rijiya. Duk wanda ya zauna a Ibadan ya san yadda ƙasa ke yi bayan ruwan sama: kashin tana ko'ina, tuli-tuli, ko ina ka taka sai ka murƙushe wasu.

"Dubi nan. Dubi can. Yanzu dubi tsakiya."

Na duba. Wani zirin ƙasa mai faɗin kamu biyu ya taso daga gindin rijiyar ya haura tudu, babu kashin tana ko ɗaya a kansa. Babu tururuwa. Ciyawar da ke kansa ta yi rawaya, ko kaji sun zagaye shi, sawunsu yana hagu yana dama.

"Kwana uku ina neman sawun wanda ya zo," in ji Kofur. "Ashe babu wanda ya zo. Ta ƙarƙashin ƙasa abin ya gangaro."

Muka bi zirin. Ya ratsa bayan shagon tela, ya bi ta bayan masallaci, ya haura, ya tsaya cak a gindin wata doguwar katanga. Gansakuka ta rufe katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, kore shar, sai daidai wurin nan ta ƙone ta yi baƙi.

Katangar bayan gidan Alhaji Shu'aibu ce.

Babbar motar Alhaji tana kai goro Maiduguri har Gambaru, ba ta dawowa fanko. Tarkacen ƙarfe take kwasowa, irin wanda ake tsintowa a filin yaƙi a tsallako da shi iyaka. A watan jiya ta dawo da durom goma sha biyu. Na sani, don ni aka ba dillancinsu bayan an wanke an shafa musu shuɗin fenti. Na shigar da tara gidajen mata don tarar ruwan sama. Na goma yana tsakar gidana, ban ma fara amfani da shi ba. Sauran biyun suna gidan Alhaji.

Kofur ya kalle ni.

"Fuskarki ta canza, Ashatu."

"Tsaya a nan," na ce masa.

* * *

Hajiya Ramlat, matar Alhaji, ƙawata ce ta shekara ashirin. Rabin abin da nake ci daga ɗakinta yake fitowa. Na same ta a zaune ta ƙunsa lalle har wuyan hannu, ba biki ba suna. Na kama hannun na juya. A ƙarƙashin lallen fata ce ta saɓule.

"Hajiya, me ke cikin durom ɗin nan kafin a wanke?"

Ta fara cewa babu komai. Sai ta kalli ƙofa, ta fashe da kuka.

Ta ce kowanne da sauran wani ruwa mai kauri a gindinsa, wasu har rabi. Alhaji ya ce a juye a wanke a sayar. Ita ta hana a zubar a rariya, domin rariyar gidan ta ƙofar masallaci take bi. Ta ce ina za ta kai kunyar a ce ƙazantar gidanta ta ɓata tufafin masu alwala, ta cika sahu da wari? Sai ta tuna da tsohuwar rijiyar bayan gida da ta ƙafe tun zamanin surukarta. Nan suka juye duka, suka rufe da kwano, suna ganin sun yi abin kirki.

"Alhaji ya sani?"

"Ranar Talata, da aka dawo da gawar yarinyar, ya shigo ya ɗaga kwanon ya shinshina. Ya daɗe a tsaye. Sai ya sa aka jera huhunan goro a kai, ya ce duk wadda ta buɗe baki a bakin aurenta." Ta riƙe ni da hannayen nan nata. "Ashatu, ki rufa mana asiri, don Allah don Annabi."

Na tausaya mata har cikin raina, kuma na ji haushinta, na ji haushin kaina fiye da nata. Na ce mata ta cire lallen ta je asibiti. Ban yi mata alkawarin komai ba.

* * *

Ana saukowa daga Juma'a zauren mai unguwa ya cika har waje. Baba Rasaki yana gefe da hularsa a hannu. An fito da Maliki an zaunar a ƙasa. Alhaji Shu'aibu yana kan kujera da babbar riga mai aiki. Mu mata muna daga ƙofar ciki, Safara'u tana jingine da kafaɗata.

Kofur bai zauna ba. Ya faɗi yadda kwatar gareji ke bi, ya faɗi gwangwanin soda, ya faɗi sawun da ya zo sakayau ya koma sakayau. Sannan ya faɗi zirin ƙasar da tana ta guje wa, da katangar da ya tsaya a gindinta.

Alhaji ya yi murmushi.

"Kofur, kashin tana za ka kawo wa dattawa shaida? Ko ka shiga gidana ne ka ga abin da ke ciki?"

"Ban shiga ba, Alhaji."

"To wane namiji ne a nan zai ce ya shiga?"

Babu wanda ya motsa. Ya san inda ya kama su, don babu mai iya cewa a keta gidan matan aure a kan maganar tana. Na ga kawuna sun fara juyawa wajen Maliki. Na tuna ɗakin Hajiya da shekara ashirin ɗinmu, na san daga yau babu ni babu shi.

"Ni na shiga," na ce.

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Na faɗi tsohuwar rijiya da kwano da huhunan goro. Na faɗi hannun Hajiya. Na ce ni na sayar da durom tara, na lissafa gidajen da suke, na ce duk mai mata a cikinsu ya ruga yanzu ya hana a sha. Maza uku suka fita da gudu ko takalmi ba su tsaya nema ba.

Tun kafin salla na sa 'yan dako biyu su mirgino nawa durom ɗin su ajiye a bayan zaure. Aka shigo da shi. Kofur ya zaro wuƙa ya kankare shuɗin fentin. A ƙasa akwai koren fenti irin na soja, da rubutun da babu wanda ya iya karantawa, da hoton ƙoƙon kan mutum. Ya kwance murfin. Duk wankin da aka yi masa, warin ya fito, tafarnuwa da kananzir. Maliki ya ja da baya da gindi har ya bugi bango, ya rufe fuska da hannu biyu.

Alhaji ya daɗe yana kallon durom ɗin. Rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Ban san guba ba ce," ya ce a hankali. "Ƙarfe na saya."

"Ranar Talata fa?" in ji mai unguwa. "Da kake cewa a kira 'yan sanda a kama bawan Allah nan, ka sani ko ba ka sani ba?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

Daidai lokacin motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa. Ashe tun da safe Alhaji ya aika musu, don kada mai unguwa ya ƙara wa'adi. Wani saje mai ƙaton ciki ya shigo da mutum biyu. Ya saurari mai unguwa, ya leƙa durom ɗin, ya toshe hanci, ya ce Alhaji ya tashi ya shiga mota. Har mun fara sauke ajiyar zuciya sai ya ciro wata takarda daga aljihu.

"Saura ɗaya. An ce akwai ɗan Chadi a nan, wanda ba takarda. Motar iyaka tana tashi gobe. Ina yake?"

Maliki yana zaune a gabansa, taku uku tsakaninsu, da fasasshen baki. Babu wanda ya kalle shi, kowa ya sa ido a ƙasa. Sajen ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya sauka a kansa.

"Kai. Daga ina?"

Maliki ya buɗe baki. Na san yana furta kalma biyu Hausarsa za ta tona shi. Sai na ji nauyin da ke kafaɗata ya tashi. Safara'u ta ratsa maza ta shiga tsakiyar zauren, abin da ban taɓa ganin matar aure ta yi a Sabo ba.

"Ƙanina ne," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Bakinsa ciwo yake, ba ya iya magana."

Sajen ya juya wajen mai unguwa. Tsohon ya shafa gemunsa, ya daɗe yana shafawa.

"Ita ce aka kashe wa 'ya," ya ce. "In ta ce ƙaninta ne, wa zai ce ba haka ba?"

Sajen ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya fita. Safara'u ta tsaya a kan Maliki.

"Tashi mu tafi gida. Tun Talata ba ka ci komai ba."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya koma ya zauna, ya kifa kai a gwiwa yana kuka, ita kuma ta tsaya tana jiransa.